Mai cikin injin lantarki: garin neman gira kada mu rasa ido

Jama'a masu karatu, manoma da masu garka, masu injin niƙa da mata ƴan ƙungiya, maganarmu ta yau a kan wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Da zarar inji ya fara ƙara, ko ya yi nauyin tashi, sai a ɗauko kwalbar mai a tsiyaya masa ta kowace kafa da ido ya gani. Ana cewa mai ba ya ɓata ƙarfe. Mu kuwa a ganinmu wannan ɗabi'a tana kashe injunan lantarki tun kwanansu bai ƙare ba, tana kuma jefa rayukan mutane cikin hatsari. Ya kamata mu bar ta. Ga dalilanmu.

Inji iri biyu ne

Injin da muka fara sabawa da shi a karkara shi ne mai shan esans ko gazwal: motopom na ban ruwa, injin niƙa mai hayaƙi, babur da mota. Irin wannan inji yana ƙona mai a cikinsa. Ƙarafansa suna gugar juna dubban sau cikin minti guda. Saboda haka dole ne a zuba masa luwul, a kuma sake shi a kan lokaci. In ya rasa, sai ya kafe. Wannan darasi gaskiya ne, kuma mun riƙe shi da kyau.

To, amma yanzu wani iri ya shigo mana. A gandun noman rani na Jiratawa, kusa da Maraɗi, famfunan lantarki ne ke ɗago ruwa daga rijiyoyin burtsatse. A garake da dama na jihohin Tawa da Damagaram, famfo mai aiki da hasken rana yana ta maye gurbin motopom. A Yamai da sauran biranen da wutar NIGELEC ta kai, injunan niƙa da na ɓarzar hatsi da yawa lantarki ke juya su, da wani inji da wasu ke kira dinamo. Haka fanka, da keken ɗinki mai wuta, da injin markaɗe.

Wannan inji na biyu ba ya ƙona kome a cikinsa. Halinsa dabam ne. Kuskurenmu shi ne mun ɗauko maganin na farko muna ɗura wa na biyu, alhali abincin wani gubar wani.

Abin da ke cikin injin lantarki

In aka buɗe shi, za a ga wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau ɗaruruwa a jikin bangonsa. Wayoyin suna manne da juna, amma wuta ba ta tsallakawa daga wannan zuwa wannan. Abin da ke hana ta shi ne wani shafi mai kama da fenti da ke lulluɓe da kowace waya. Sirantarsa kamar ta ɓawon albasa ce. Ran injin duka yana rataye ga wannan shafi. In ya lalace, wuta ta tsallaka, wayar ta ƙone, inji ya mutu.

A tsakiya akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa bisa sanda. Dunƙulen ba ya taɓa wayoyin ko kaɗan, akwai ƴar tazara tsakaninsu. Ƙarfin maganaɗisu ne ke juya shi. Ke nan a tsakiyar injin babu gugar da ke bukatar mai. Wuri biyu kaɗai ke ɗauke da sandar, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Su ne rulma, waɗanda wasu ke kira boris. Daga baya kuma akwai ƴar fanka mai hura iska don sanyaya injin.

Wanda ya gane wannan gini ya gane maganar duka. Rulma ce kaɗai ke son abin santsi, ita ma ɗan kaɗan, kuma irin nata. Sauran cikin injin yana son ya zauna a bushe, da tsabta, iska na ratsa shi.

Yadda mai ke yin ɓarna

Ɓarna ta farko ita ce ƙura. Duk wanda ya taɓa zubar da mai a ƙasa ya san yadda yake kama rairayi. Haka yake yi cikin inji. Ƙasarmu kuwa ƙasar ƙura ce, musamman da hunturu. A ɗakin niƙa ga ƙurar gari, ga dussa. Busasshiyar ƙura iskar fanka tana iya kore mafi yawanta. Amma in ta tarar da mai, sai ta manne, ta zama baƙin danƙo. Danƙon ya lulluɓe wayoyin kamar bargo, ya toshe kafofin iska. Zafin da ya kamata ya fita sai ya zauna ciki.

Zafi kuwa shi ne babban maƙiyin shafin waya. Masana lantarki suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 bisa zafin da aka ƙayyade wa inji yana rage rabin kwanan shafin. Injin da zai yi shekara 10 sai ya yi 5. In ƙarin ya kai digiri 20, sai ya yi shekara biyu da rabi. Mu tuna kuma, galibin injunan nan an ƙera su ne don wurin da zafin iska bai wuce digiri 40 ba. A watan Afrilu da na Mayu zafin ƙasarmu yakan zarce haka. Wato injinmu yana aiki a bakin iyakarsa tun kafin mu ƙara masa bargon danƙo.

Ɓarna ta biyu ita ce tsallakar wuta. Mai mai tsabta ba ya ɗaukar lantarki, wannan gaskiya ne. Sai dai man da ke cikin kwalbarmu ba kasafai yake da tsabta ba. Sau da yawa baƙin luwul ne da aka juye daga mota ko motopom. A cikinsa akwai garin ƙarfe, da baƙin hayaƙi, da ruwa, da tsami mai cin abu. In ya haɗu da ƙura da laimar damina, sai ya zama hanyar da wuta ke bi. Wani man kuma yana tausasa shafin waya da robar da ke rufe da wayoyin shiga, har su kumbura su tsage.

Ɓarna ta uku tana samun injuna masu gawayi. Cikin injin huda ƙarfe, da na wasa ƙarfe, da na markaɗe, da ƙaramin injin keken ɗinki, akwai ƴan guntayen baƙin gawayi biyu da makanikai ke kira sharbon. Suna shafar wani zobe na jan ƙarfe mai tsaga-tsaga, suna ba shi wuta. Jama'a kan ga suna guga, su ce a sa mai. Gawayin nan shi da kansa yana da santsi, ba ya bukatar kome. In mai ya taɓa shi, garinsa sai ya kwaɓe, ya cika tsagogin zoben. Garin gawayi yana ɗaukar wuta. Daga nan sai tartsatsi, sai wari, sai ƙonewa.

Ɓarna ta huɗu tana samun injuna da yawa masu aiki da wutar gida ta bolt 220. A cikinsu akwai wani ɗan makunni da ke ba inji ƙarin ƙarfi lokacin tashi, ya saki da kansa in juyi ya kankama. In danƙon mai ya kama shi, ko dai ya ƙi haɗuwa, inji ya tsaya yana gurnani bai juya ba, ko kuma ya ƙi saki, wayar tashi ta ƙone cikin ɗan lokaci.

Ita rulmar ma ba ta tsira ba. Galibin rulmomin yanzu a rufe suke zuwa, da giris ɗinsu a ciki tun daga masana'anta. In aka tsiyaya musu mai, sai ya narkar da giris, ya wanke shi waje. Ƙarar za ta lafa kwana biyu, mai inji ya yi murna. Bayan haka rulma ta bushe fiye da da, man da ya fito kuma ya bi sanda ya shige cikin wayoyi.

Ba da hannu kaɗai mai ke shiga ba

Wani zai ce shi bai taɓa zuba wa injinsa mai ba. Madalla. Amma akwai wasu hanyoyi. In injin lantarki yana haɗe da akwatin haƙoran ƙarfe mai luwul, robar da ke tare man tana iya tsufa, man ya bi sanda ya shiga. In an aje shi kusa da injin gazwal mai yoyo, fankarsa za ta riƙa jawo tururin mai tana hura masa. Haka a wurin matsar gyaɗa ko riɗi, inda mai ke fantsama. Akwai kuma masu cusa giris da ƙarfi har ya cika wurin rulma maƙil. Rarar ba ta da wurin zuwa sai ciki. Giris mai yawa shi ma yana sa rulma zafi.

Abin ya wuce hasarar dukiya

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana a shafin lafiya shi ne ɓarnar ba ta tsayawa ga ƙarfe.

In shafin waya ya lalace, wuta tana iya fita zuwa jikin inji. Inji yana juyawa, ido bai ga kome ba, amma gangar jikinsa na ɗauke da wuta. A garka mutum yana tsaye cikin laima, sau da yawa ba takalmi. A ɗakin niƙa ƴan mata da yara ne ke kai hatsi, suna dafa duk abin da hannu ya kai. Wutar bolt 220 tana kashe mutum, balle ta 380 da manyan injuna ke sha.

Sai gobara. Danƙon mai da ƙurar gari makamashi ne, tartsatsi kaɗai suke jira. Rumfunan niƙa da yawa na kara ne ko zana, kuma kusa da gidaje ko cikin kasuwa. Hayaƙin waya da roba masu ƙonewa yana cutar da huhu. Wasu kuma sukan wanke inji da esans don cire danƙon, su kunna shi tun bai bushe ba. Tururin esans yana kamawa da tartsatsi guda.

Sai abinci da ruwan sha. Inji mai jiƙe da mai yana watsa shi in yana juyawa. Ɗigon ya sauka a kwaryar gari, mu kai gida mu yi tuwo ko fura. Baƙin luwul yana ɗauke da gubobi. Yawan taɓa shi yana sa fata ƙaiƙayi da tsagewa, kuma likitoci sun sa shi cikin abubuwan da ke iya jawo sankarar fata in aka daɗe ana mu'amala da shi. A bakin rijiya kuwa, mai kaɗan ya isa ya ɓata ruwa mai yawa, ruwan da mutane da dabbobi ke sha, ake kuma ba salati da kabeji.

Amsa ga masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa: ai transformar NIGELEC cike take da mai, injin firji ma cikin mai yake juyawa, wasu famfunan da ake nutsarwa cikin rijiya su ma da mai a cikinsu. Duk haka ne. Amma waɗannan an ƙera su ne tun farko don su zauna cikin mai. Man nasu na musamman ne, mai tsabta, kuma a toshe yake inda ƙura da iska ba sa kaiwa. Shafin wayarsu an zaɓe shi don ya jure wannan man. Injin niƙa da ke buɗe ga ƙurar kasuwa ba ya cikin wannan sahu.

Wannan ma ya kai mu ga gargaɗi biyu. In famfon rijiya mai mai a ciki ya yi yoyo, kada a cika shi da luwul na mota, domin abin da ya yoyo cikin rijiya zai ƙare. Kada kuma a sayi man tsohuwar transforma don wani aiki. Wasu tsofaffin suna ɗauke da wata guba mai suna PCB, wadda ba ta ruɓewa, tana taruwa cikin jikin mutum. Ƙasashen duniya sun amince a kawar da ita cikin yarjejeniyar Stockholm ta shekarar 2001.

Akwai masu cewa sun shekara suna zuba mai ba abin da ya faru. Ɓarnar mai ba ta rana ɗaya ba ce. Kamar gara take, tana ci daga ciki. Ranar da injin ya ƙone, sai a ɗora laifin ga rashin ƙarfin wuta ko ga mai sayarwa, a manta da kwalbar da ke rataye a bango.

Akwai kuma masu cewa ba su da kuɗin sabuwar rulma, mai kuwa kyauta ne. Wannan uzuri mun ji shi, kuma ba mu raina shi ba. Amma mu yi lissafi. Kowa ya tambayi makanike kuɗin rulma biyu, ya kuma tambayi kuɗin sake naɗa waya. Na biyun ya ninka na farko sau da dama. A ƙara da kwanakin da inji zai yi a wurin gyara. Ga mai albasa ko tumatir, ƴan kwanaki ba ruwa cikin zafin bazara na iya cinye wahalar wata uku. Ga ƙungiyar mata da ta ci bashi ta sayi injin niƙa, bashin ba ya jiran gyara, matan gari kuma su koma ga turmi da taɓarya. Araha irin wannan tsada ce.

Inda mai ya halatta

Ba mu ce ko'ina haramun ne ba. Wasu ƙananan injuna, kamar na fankar tebur, ba su da rulma mai ƙwallaye. Sandarsu tana juyawa cikin wani zoben ƙarfe mai shan mai. Irin wannan yana son ɗigo biyu ko uku na mai marar kauri, kamar man keken ɗinki, a daidai wurin, lokaci zuwa lokaci. Ba a sa masa man gyaɗa ko man shanu. Man ci yana yin danƙo in ya sha zafi da iska, har ya riƙe sandar.

Manyan injuna kuma wasunsu suna da ƴar kafar giris a saman kowace rulma. Nan ake sa giris, irin wanda mai ƙera injin ya ce, daidai awon da ya ce. Kada a gauraya giris iri biyu, domin wasu in sun haɗu suna tsinkewa su zama ruwa.

Ta yaya za mu san irin injinmu? A nan karatu ke da rana. A jikin kowane inji akwai ƴar farantin ƙarfe mai rubutu. In mun ga IP55, injin a rufe yake, an tsare shi daga ƙura da feshin ruwa, shi ya fi dacewa da ɗakin niƙa da garka. In mun ga harafin F a wurin ajin shafi, wayar tana jure zafi har digiri 155, harafin B kuwa 130. A jikin rulma kuma, in bayan lambarta an rubuta 2RS ko ZZ, to rufaffiya ce, ba a ƙara mata kome. In ta fara kuka, sauya ta ake yi.

Abin da ya kamata mu riƙa yi

1. Kafin mu taɓa inji, mu kashe wuta, mu cire waya.
2. Mu riƙa share jikin inji da kafofin iska da busasshen tsumma ko buroshi. A ɗakin niƙa, kowace rana.
3. Kada mu zuba mai ta kafofin iska, ko bisa gawayi, ko bisa igiyar roba mai jan inji.
4. In inji ya canja murya, ko ya yi zafi fiye da yadda ya saba, ko muka ji warin ƙuna, mu tsayar da shi nan take.
5. In mai ya riga ya shiga, kada mu kunna. Mu kai wa mai naɗa waya ya buɗe, ya wanke da abin da ya dace, ya busar, ya auna da na'ura kafin a mayar da shi aiki.
6. Mu sa wa kowane inji wayar ƙasa, da makashin wuta mai rubutun 30 mA, wanda ke yanke wuta da kansa in ta fara bin jikin mutum. In ya yanke, mu nemi dalili, kada mu ɗaure shi.
7. In inji ya kama wuta, mu yanke lantarki tukuna, sannan mu rufe da busasshen rairayi. Ban da ruwa.
8. In wuta ta kama mutum, kada mu taɓa shi da hannu. Mu kashe wutar, ko mu ture wayar da busasshen icce, mu garzaya da shi likita ko da ya ce ya warke.
9. Tsohon luwul mu tara shi cikin rufaffen bido, nesa da rijiya, da rumbu, da hannun yara.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Wannan gyara ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin manoma da na mata su naɗa mutum guda mai kula da inji. A ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar da aka share, da ranar da aka sauya rulma. A ware wani abu daga kuɗin niƙa ko na ruwa don gyara, kada a jira sai inji ya mutu a shiga neman rance.

Masu sayar da injuna su daina miƙa kaya ba bayani. Wanda ya karɓi kuɗin talaka, haƙƙi ne a kansa ya nuna masa inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa. Makanikai da masu naɗa waya su ma su faɗa wa mai inji abin da suka tarar a ciki. Ƙona inji yana kawo musu aiki, gaskiya ne, amma amana ta fi kawo ciniki mai ɗorewa. Malaman gona da masu ba da famfunan hasken rana su sa wannan darasi cikin horon da suke ba jama'a, da harshen da jama'a ke ji.

Mu kuma masu karatu, mu kai labarin ga maƙwabcin da bai samu wannan jarida ba. Mu karanta masa a dandali ko a bakin garka. Gobe in injinsa ya yi ƙara ya miƙa hannu ga kwalbar mai, ya tuna ya tsaya ya tambaya tukuna. Matambayi ba ya ɓata.